Ƙarfen Ciki da Ƙarfen Hannu

Ba wanda ke sayen nama a hannun mai gyambo. Wannan ba karin magana ba ce, abin da na gani ne da idona a kasuwar Garwa.

Sunana Sale, mahauci ɗan mahauci. Teburin da nake tsayawa a kansa, ubana ya tsaya a kansa har ya tsufa. Karatuna bai wuce allo ba, sai ɗan Faransancin da za a gaisa da jandarma a wuce. Babur ne ya kayar da ni a hanyar garin Gidar ina dawowa daga cin kasuwar shanu. Na yi watanni a kwance. Karaya ta warke, amma ƙafar hagu ta kumbura tun daga cinya har yatsu, ta yi nauyi kamar turmi, ta ƙi sauka. Wanzami ya kafa ƙaho, ya yi tsaga, ya ce mataccen jini ne. Ɗaya daga cikin tsagar, wadda ke kusa da idon sawu, ita ce ta ƙi rufewa ta zama gyambo. A lopital, wato asibiti, su wanke su naɗe, in koma bakin aiki, kafin azahar bandeji ya jiƙe. Wanda ya san zafin Garwa ya san sauran labarin. Ƙuda ya bar nama ya dawo ƙafata.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana, Dada Asta, tun zamanin ubana a teburinmu take saye. Ba ta taɓa tafiya ba ta zage ni a kan gyara ba. Wata safiya ta zo, ta dubi nama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Allah hoynu, Sale." Wato Allah ya sawwaƙe. Ta wuce teburin Mamman Tozo da ke gefena. Ban taɓa jin addu'a mai zafi irin wannan ba.

Sarkin Fawa ya kira ni gefe. Ya ce, "Sale, ba korarka nake ba. Amma mutane na magana, kuma maganar tana shafar layin duka. Ka je ka nemi magani. Zan riƙe maka teburi har Babbar Salla. In ta zo ba ka iya tsayuwa, to ka yi haƙuri, Mamman ya daɗe yana nema."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji."

A Yawunde wani likita ya goga mini na'ura ya ce ciwon ba a ƙafa yake ba. Babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya ce ta toshe can cikin mara, tun lokacin kwanciyar. Jini na sauka, ba ya samun hanyar hawa. Ya ce akwai wata 'yar ragar ƙarfe mai kamar bututu, sitent suke ce mata, ana cusa ta cikin jijiyar ta buɗe ta. Ya ce shi bai san mai yi a kusa ba, ya ambaci Misira. Mahauta suka yi mini karo-karo, matata Dudu ta sayar da saniyar gadonta.

Ana gobe tafiya Alhaji Buba dillalin shanu ya aiko mini da babbar riga ta shadda, mai aiki har ciki, da hula. Ya ce, "Sale, can ba wanda ya san ka. Kada ka je ka ce kai mahauci ne, ko kujera ba za su ba ka ba. Ka ce tajiri ne kai." Ban yi musu ba, don na san garinmu. Ana cin namanmu ana lashe hannu, amma in an zo zaman biki mu ne a bakin tabarma. Na ce to, tunda a gida haka ne, ina ga ƙasar Larabawa.

Zancen barin gida ba zan yi shi ba. Kowa ya san yadda ake barin gida.

A filin jirgin Alƙahira wani ya tarbe ni, Ustaz Nura, wanda wani ya ba wani lambarsa ta iso gare ni. Mutum ne mai ƙamshin turare da Hausa mai santsi. Ya ce karatu ya kawo shi, ga furfura a gemunsa, karatun bai ƙare ba. Ya dubi rigar nan tun daga wuya har ƙasa, na ga idonsa ya yi haske irin na mahaucin da ya hango sa mai tozo.

"Alhaji! Sannu da zuwa, Alhaji. Kawo jakar, ai irinku ba sa ɗaukar kaya."

Ni ko Makka ban taɓa zuwa ba, amma na amsa.

Ya kai ni wani ɗaki can ƙololuwar bene, ya ce nan ne iska take. Na'urar hawa ta lalace, ya ce gobe za a gyara. Har na bar ƙasar ba a gyara ba. Mai ƙafa irin tawa, in zan sauka sai in zauna a matakala in riƙa jan gindi kamar yaro mai koyon rarrafe, ga babbar riga tana share musu ƙura kyauta.

Daga nan muka shiga yawon asibitoci. Yau a ɗebi jini, gobe a ɗauki hoto, jibi a ce hoton bai fito ba. Ko'ina muka je Ustaz Nura zai yi dogon Larabci da mutanen, ya juyo ya ba ni kalma biyu: "Sun ce a biya." Ina da ɗan Larabci, irin na Shuwa masu kawo shanu daga wajen Kusiri. Larabcin ba ya kai ni masallaci, amma yana kai ni ciniki, kuma ya ishe ni in gane abin da ake faɗa masa ba shi yake faɗa mini ba. Da a cikin rigar fawa nake, wallahi da na cakumi wuyansa a gaban kowa. Amma Alhaji ba ya ciniki. Alhaji ba ya ɗaga murya. Alhaji sai ya sa hannu a aljihu. Rigar nan ta ɗaure mini baki fiye da yadda ake ɗaure bakin buhu.

Ranar da na ce masa, "Ustaz, guzuri fa ya ja baya, yaushe za a yi aikin?" ya ce in sha Allahu gobe. Goben nan wayarsa ta mutu, ba ta sake tashi ba.

Na zauna a ɗakin nan ni da ƙafa. Garin ba ya shiru, ƙahon mota ba dare ba rana. Abinci wake da burodi, gobe burodi da wake. Na riƙa tuna tuwon dawa da miyar yakuwa da kifin kogin Binuwai, har in ji ƙamshin a hancina. Kilishin da Dudu ta ƙunsa mini nake gutsura kaɗan-kaɗan kamar magani. In ta kira ta ce, "Baban Hawwa, ya ƙafar?" in ce da sauƙi. Ta ce, "Muryarka ba ta ce da sauƙi ba." In ce layin ne ba kyau.

Abin da ya fitar da ni daga ɗakin, ƙamshin nama ne. A ƙasan benen, tsallaken titi, akwai shagon fawa, an rataye cinyoyi da jan hatimi a jikinsu. Kusa da shi wani tsoho baƙi yana sayar da shayi a kan ɗan teburi. Sai na riƙa jan jiki in sauka in zauna a bencinsa, ba don shayin ba, don in ji ƙarar gatari a kan kututture. Duk garin nan, wannan ce kaɗai maganar da nake ganewa.

Wata rana ƙuda ya sauka a bandejina, na kai masa duka na ce, "Kai, la'ananne, har nan ka biyo ni?"

Tsohon nan bai ko ɗago daga butarsa ba, ya ce, "Ai ƙuda ba ya neman biza."

Na ce, "Baba, Hausa?"

Ya ce, "To da me? Abakar sunana. Kakannina suka taso aikin Hajji a ƙasa, ƙafarsu ta gaji a Sudan suka zauna. Ni kuma yaƙi ya koro ni nan. Kai daga ina, ɗana?"

Na ce Garwa. Bai san ta ba. Na ce Kamaru, ya ce ya ji ana faɗa a ƙwallo. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, wasu kalmomin rabona da su tun kakata. Na ba shi labarin Ustaz Nura, ya girgiza kai ya ce, "Baƙo ko da ido makaho ne. Amma kai ma, wa ya ce ka zo asibiti da rigar ɗaurin aure?"

Mai shagon fawar sunansa Sabri, ƙato mai tumbi da gashin baki, unguwar duk Ammu Sabri suke ce masa. Ashe ya daɗe yana lura da ni. Ranar nan ya tsallako yana goge hannu, bai yi sallama ba ya kama hannuna na hagu ya juya shi. Ya bi tabon wuƙa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya shimfiɗa nasa hannun kusa da nawa. Kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya daki ƙirjina ya ce, "Gazzar!"

Baba Abakar ya ce, "Ya ce kai mahauci ne."

Na ce, "La, la. Tajir."

Sabri ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya faɗi wata magana. Baba ya ce, "Ya ce tajirin da ke sayar da yatsunsa ɗai-ɗai."

Na dage a kan tajir. Amma na ciro kilishi na ba shi. Ya tauna, yaji ya kama shi, hawaye ya zubo, ya miƙo hannu a ƙara. Da ya ƙare ya nuna ƙafata ya tambaya. Baba ya yi masa bayani. Sai ya ɗage jallabiyarsa, ga wata doguwar safa mai matsewa har gwiwa, ga jijiyoyi sun yi kwance-kwance a sama da ita. Tsayuwar teburi ce, ko a ina ba ta barin mutum. Ya ce yana da likitar jijiya, gobe zai rufe shago ya kai ni. Na tambayi Baba nawa zan ba shi. Baba ya ce, "Ka tambaye shi da kanka, in kana son mari."

Muka tafi da Baba don ya yi mana tafinta. Likitar mace ce, gajera, da tabarau, ba ta dariya. Da na ji inda za ta duba, na ce wa Baba ko babu namiji. Ya fassara. Ta ce akwai maza da yawa a titi, in zaɓi ɗaya. Na kwanta.

Ta duba hotunan da Ustaz Nura ya sa na yi, ta ware biyu, ta ture sauran gefe. Ta tambayi sana'ata. Na ce tajiri, ina zaune a kanti. Baba Abakar ya dube ni, ya dubi silin, ya fassara.

Ta ɗauki alƙalami ta zana mini: jijiya daga ƙafar dama, jijiya daga ta hagu, su haɗu a mara su zama ɗaya su bi ƙashin baya su hau. Ta ce ga inda taka ta toshe. Jama'a, jijiyar nan na san ta kamar yadda na san hanyar gidanmu. Kullum na fasa cikin sa ko saniya sai na gan ta kwance jikin ƙashin baya, shuɗiya, mai laushi, in sa yatsa in ɗaga ta. Bakina ya yi ƙaiƙayi in ce na san ta, Likita, na san ta! Amma tajiri ina ya san cikin sa? Na gyaɗa kai kamar ban taɓa gani ba.

Ba ta yi mini romon baka ba. Ta ce toshewar ta daɗe, ta yi tauri, mai yiwuwa waya ta ƙi wucewa, in ta ƙi babu abin da za ta iya. In ta wuce, ragar za ta buɗe hanya, amma ba za ta mayar da ƙafar sabuwa ba. Sai na sa safa, sai na yi tafiya, sai na sha wani magani mai tsinka jini kullum ba fashi, in ba haka ba ragar ma ta toshe. Ta ce mai shan maganin nan in ya yanke jininsa ba ya saurin tsayawa, ya kiyayi abu mai kaifi. "Amma kai mai zaman kanti, wannan ba damuwarka ba ce."

Na ce na'am. A raina na ce yanka kuma? Mu da ba ma mako ba mu yanke ba. A barbaɗa gishiri, a ɗaura tsumma, a ci gaba da ciniki.

Abin da ya rage a jakata ya kai kuɗin aikin, da ƙyar. Baba Abakar ne ya tsaya a kan maganar, kuma abin da aka faɗa masa shi ya faɗa mini.

Ranar aikin na ɗauka za a fasa ni kamar yadda nake fasa dabba. Ashe ƙofar da za su shiga ba ta fi ƙwayar dawa ba, a cinya. Suka kashe wurin da allura, suka ba ni wani abu da ya sa jikina ya yi sanyi, amma ina ji ina gani. Ga wani allo kamar talabijin a gefena. Ta zuba wani ruwa a jijiyar, ya fito baƙi a allon. Na ga ya hau, ya hau, ya tsaya cak, ya watse cikin 'yan ƙananan hanyoyi karkatattu, kamar Binuwai da rani in ruwa ya rarrabu cikin yashi yana neman mafita.

Ta tura waya. Ta ƙi. Ta janye ta sake, ta ƙi. Ta canza wata. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar na'ura. Na ji ta yi tsaki, kuma tsaki ba ya bukatar tafinta. Na tuna saniyar Dudu. Na tuna Mamman Tozo yana auna teburin ubana da ido. Na ce, ya Allah, ba don halina ba.

Can sai na ji ta ce, "Aiwa." Wannan kam ko Shuwa haka suke cewa in ciniki ya faɗa.

Suka hura wani abu a ciki don ya buɗa wurin. Nan na ji azaba a ƙugu, kamar an soka mini tsinken tsire ana murzawa. Na yi salati da ƙarfi, wani ma'aikaci ya dafa kafaɗata. Aka saki ragar, na gan ta a allon tana buɗewa, 'yar saƙa mai kyau kamar ta masunta. Ta sake zuba ruwan nan. Wannan karon bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya miƙe sama gaba ɗaya, kamar kogi a tsakiyar damina in ka tsaya kan gada kana kallo. 'Yan karkatattun hanyoyin nan duk suka ɓace. Ta nuna mini da yatsa, kuma a ranar na ga haƙoranta.

Bayana ya yi kwanaki yana ciwo, ta ce haka yake yi. Amma ƙafar! Na tashi wata safiya na ga fata ta yi yaushi ta tattare, kamar salkar da aka zubar da ruwanta. Na ga ƙashin idon sawuna, wanda na manta kamarsa. Gyambon ya daina ruwa, bakinsa ya fara jawowa. Na hau benen nan a tsaye, da ƙafafuna biyu, na sauko, na sake hawa ba don ina da abin ɗauka ba. Na kira Dudu na ce da sauƙi. Ta ce, "Yau kam layin ya yi kyau," ta fashe da kuka.

To, murna ita ta ja ni. Wata hantsi na iske Sabri an kawo masa kafaɗar ɓauna, irin tasu ta gida da suke yankawa, yana ta fama. Hannuna ya yi ƙaiƙayin da ba na iya dannewa. Na tuɓe rigar Alhaji Buba na rataye ta a ƙugiyar nama, na miƙa hannu. Sabri ya ba ni wuƙa yana ihu, "Tajir! Tajir!" Na shiga zare ƙashi irin namu na Garwa, ba a barin tsoka ko ta ɗanɗano a jikinsa. Mutane suka taru. Baba Abakar ya bar shayinsa yana tafasa. Na ji ni mutum ne, karo na farko tun saukata.

Wuƙar ba tawa ba ce, ƙashin ɓauna kuma ba irin na shanu ba ne. Ta zame ta shiga gindin babban yatsana na hagu.

Na yi dariya, na ce a ba ni gishiri. Na barbaɗa, na ɗaura tsumma, na koma kan nama. Tsumma ya jiƙe. Na sake wani, ya jiƙe. Jinin ba ya gudu, amma ba ya tsayawa, yana bin gwiwar hannu yana ɗiga a ƙasa, tsararo kamar zoɓo. Na yanke ya fi a ƙirga a rayuwata, ban taɓa ganin jinina ya yi mini haka ba. Sabri ya daina dariya. Ya matse hannun, ya ɗaga shi sama, ya tura ni cikin keken da yake kai nama, Baba ya ɗane baya.

A asibiti aka ɗinke. Likita ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ta dubi singiletina mai jini da kitse, ta yi tambaya.

Baba Abakar ya ce, "Tana tambaya wane irin kanti ne wannan. Ɗana, na fassara maka ƙarya sau ɗaya. Ni tsoho ne, ba zan ƙara ba."

Na ce, "Gaya mata ni mahauci ne. Ubana mahauci, kakana mahauci."

Ta yi faɗa mai tsawo. Baba ya ce, "In taƙaita maka ko in ba ka duka?" Na ce taƙaita. Ya ce, "Ta ce kai wawa ne. Ta ce ita ba ruwanta da ko kai sarki ne ko mai kwasar shara, ta tambayi sana'arka ne don ta san abin da zai kashe ka." Ya ƙara da nasa: "Kayan aro dai ba ya rufe katara."

Na ce to a tsayar da maganin. Ta ce in ka tsayar, raga ta toshe, ƙafa ta koma yadda take, wataƙila fiye. Na ce to in sha har yaushe? Ta ce watanni da yawa, kuma irin toshewarka mai yiwuwa a zarce. Ka ajiye wuƙa.

Na ce, "Baba, gaya mata. In na bar magani, ba ƙafa, ba teburi. In na bar wuƙa, ga ƙafa, ba teburi. To me na zo yi Misira? Ƙafar yawo na zo saye?"

Ya gaya mata. Sabri na tsaye bakin ƙofa yana murza gashin baki, ya sa Baba ya maimaita masa. Ya juya ya fita ba sallama. Na ce shi ke nan, na ɓata masa nama na ɓata masa yini.

Washegari da zan koma a duba ɗinkin, sai ga shi da ƙunshi a hammata, ya ce tare za mu. A gaban likita ya kwance. Safar hannu ce, amma ta ƙarfe, 'yan zobba ƙanana an sarƙa su kamar sulke, har wuyan hannu. Ya ce 'yarsa ce ta sayo masa tun tuni, ya rataye a ƙusa bai taɓa sawa ba, don kada mahautan unguwa su yi masa dariya. Ya zura ta a hannunsa, ya zaro wuƙa daga ƙunshin, ma'aikaciyar jinya ta yi ƙara, ya ja kaifin a tafinsa da ƙarfi. Ƙiii. Ya cire ya nuna: ko ƙwarzane.

Likita ta karɓa ta juya ta, ta ja zobban, ta daɗe tana kallo. Sannan ta shiga jero sharuɗɗa, Baba na bin ta da ƙyar. Safar nan kullum, ba ranar da za a ce yau zafi. In ɗaura fata mai kauri a ƙirji har cinya. Ba ƙaho, ba tsaga, wanzami ko aski ya yi a hankali. Kada in tsaya wuri ɗaya kamar turke, in riƙa takawa, da rana in ɗaga ƙafa. A riƙa duba ragar da na'ura a gida. In na yanke, ba gishiri, in danne in ɗaga in tafi lopital in ce ina shan maganin jini. Ta ce ko da haka ba ta ce babu haɗari ba.

Na ce na yarda. Ta ce, "Wannan karon wa ya yarda, tajirin ko mahaucin?"

Na ba Sabri sauran kilishin duka. Ya rungume ni har ɗinkin ya motsa. Baba Abakar ya ƙi karɓar komai, ya ce in dai na isa in gaida masa ƙasar Hausa, ko ta wane gefe ce, shi bai taɓa ganinta ba.

A filin jirgi na gaya wa jami'in da hannu cewa akwai ƙarfe a cikina, kada ƙofarsu ta yi kuka su ce wani abu ne. Na wuce, ƙofa ba ta ce uffan ba. Jakata ce aka tsayar. Ya ciro safar ya ɗaga ta sama yana kallona. Na buga ƙirji na ce, "Gazzar." Da ƙarfi na faɗa, har na bayana suka ji. Ya jefa ta cikin jaka ya ce in wuce.

Na iso Garwa da sauran lokaci kafin Salla, na zauna gida har gyambon ya rufe ya bar baƙin tabo. Dudu ta wanke rigar na mayar wa Alhaji Buba. Ya ce, "Ta yi amfani ko?" Na ce, "Alhaji, na gode, amma rigarka ta fi asibitin tsada."

Ranar da na koma kasuwa, ana jibi Salla, na tarar Mamman Tozo har ya kafa ƙugiyarsa a gefen teburina. Ya dubi safar ƙafata, ya dubi fatar da na ɗaura a ƙirji, ya ga na zura hannu cikin ƙarfe, ya kwashe da dariya.

"Jama'a ku zo ku ga! Sale ya tafi mahauci ya dawo sojan Fir'auna! Safar mata a ƙafa, tukunya a hannu!"

Na ce, "Mamman, cire ƙugiyarka kafin in gwada tukunyar a kanka."

Layin duka aka ɗauki shewa. Sarkin Fawa ya zo a hankali da sandarsa. Na naɗe safar na nuna masa idon sawun. Ya sunkuya ya duba da kyau, har ya shinshina, ba kunya. Ya miƙe ya ce, "Tabo ba ciwo ba ne. Tsaya mu gani."

Na tsaya. Aka kawo rabin sa daga kwata, na raba shi gaɓa-gaɓa, wuƙa na ƙara a kan zobba ina ci gaba. Da na zo kan jijiyar nan da ke kwance jikin ƙashin baya, na ɗaga ta da yatsa na nuna wa na kusa, na ce, "Kun ga wannan? Irinta ce aka sa wa ƙarfe a cikina." Ba wanda ya yarda. Rana ta take, zafin Garwa ya sauko da dukan ƙarfinsa, ƙarfen hannu ya yi zafi, gumi na bin safa. Ƙafa ba ta ce komai ba. Mamman ya zare ƙugiyarsa shiru, kamar ba shi ya kafa ba.

Wajen azahar na hango Dada Asta da kwandonta. Ta nufi teburin Mamman, ta tsaya, ta juyo. Ta dubi ƙafata, ta daɗe. Ta dubi hannun ƙarfe. Ba ta ce sannu da zuwa ba, ba ta yi mini addu'a ba.

Ta ce, "Kilo ɗaya, cinya, ban da ƙashi."

Na yanka, na auna, na jefa gyara.

Ta ɗaga gyaran da yatsu biyu ta ce, "Wannan ne gyara? Kai Sale, har Misira ka je ba su cire maka rowa ba? Ubanka ya fi ka hannu."

Na ƙara mata tsoka mai kyau, na ƙara wata. Tana tafiya tana mita, ni kuwa ina tsaye ina murmushi kamar an yi mini bushara. Na duba ƙasa, ba ƙuda ko ɗaya a ƙafata. Duk yana kan nama, inda Allah ya ajiye masa rabonsa.